A Ɗakin Likitan Nan, "Alhamdulillahi" Ba Ta Ƙare Magana

Ina yi wa 'yan'uwanmu aikin tafinta a birnin New York, kuma babu ranar da ke yi min nauyi kamar ranar raka mai neman mafaka wajen likitan ƙwaƙwalwa. Lauya ne ke tura shi, don a rubuta rahoton tabon da wahala ta bari a zuciyarsa, a haɗa da takardar neman mafaka ta I-589 a kai gaban jami'in shige da fice ko alƙali.

Da an ce likitan ƙwaƙwalwa, hankalin Bakano sai ya tafi Dawanau, na mutumin Kaduna ya tafi Barnawa. Sai ka ji an ce, "Ni fa ba mahaukaci ba ne." Ai ba wanda ya ce haka.

Wata baiwar Allah, sa'ar mahaifiyata, likita ta tambaye ta ko tana samun barci. Ta ce, "Alhamdulillahi, sai godiya," tana murza bakin mayafinta. Na fassara, sannan na nemi izini na shaida wa likitar cewa mu ko a zaman makoki haka muke amsawa. Sai ta sauya tambaya: daren 4 ga Yuli, da ake wasan wuta na bikin 'yancin kan Amurka, ina kika kwana? Dattijuwar ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gaya mata a banɗaki na kwana, da fitila a kashe."

A gida ba ta bukatar faɗin wannan. Maƙwabta sun san daren da aka shigo garin, sun san wanda aka binne. Su zo su zauna, su ce Allah ya ba da haƙuri, shi ke nan. Ina ganin girman wannan tarbiyya har gobe. Amma alƙalin nan bai san garinku ba. Abin da ke takarda da abin da ya fito daga bakinka kawai yake da shi. Wanda ya ga tashin hankali yakan rikita kwanan wata, ya tsallake wani abu yau ya tuna gobe, sai a ɗauka ƙarya yake. Rahoton likita ne ke bayyana dalili. Yakan kuma taimaka wa wanda ya wuce wa'adin shekara 1 da doka ta ɗiba don neman mafaka, idan ciwon ne ya hana shi.

Rahoton ba ya ba da takardar zama, hukunci na jami'in ne ko alƙali, kuma wanda ya ƙara gishiri kansa ya cuta. Marasa hali, lauyoyinsu kan nemi likitocin sa-kai ta ƙungiyar Physicians for Human Rights.

A ganina, faɗin inda ke maka ciwo bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. Da muka fito, dattijuwar ta riƙe hannun rigata a bakin ƙofa ta ce ko 'ya'yanta ba su san da zancen banɗakin nan ba.