Rabon kwana tsakanin likita da likitar haƙori

Jama'a abin da ƙurji ɗaya tal ya yi mani a watan jiya, ko maƙiyina ba na so ya gani. Ɗan miki ne cikin kumatu ta hagu, bai kai ƙwayar wake ba, tsakiya fari-fari gefe ja, amma da yaji ya taɓa shi sai in tuna laifukana tun na makarantar allo. Kuma kun san mu Katsinawa baki ne jarinmu, to ko ashar ɗin da aka san mu da ita kasa ta na yi, wani mai napep ya kusa take ni a Ƙofar Ƙaura sai dai na raka shi da harara.

Hajiyarmu ce ta fara duba ni, ta ce zafi ne ya fito, ta jiƙa bagaruwa ta ce in riƙa kurkurewa. Bauri ya ɗaure mani harshe, ƙurji na nan daram. Na leƙa kemis ɗin unguwa ya shafa mani jibi, maganin mikin nan mai rina wuri kamar tawada, ni kuwa malamin firamare ne, washegari ina buɗe baki zan kira suna aji ya kwashe da dariya, wani ɗan baya ya ce Malam ya tauna biro.

Daga nan na ce bari in je wurin masu ilimin abin. Likita ya haska bakin, ya ja fatar idona ƙasa, ya tura ni gwajin jini, ya ce jinina ya ɗan yi ƙasa, kuma irin wannan miki yakan biyo ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe na jini) ko folik asid ko bitamin B12, wani lokacin gajiya da damuwa kawai. Na ce likita in dai damuwa ce ai albashina kaɗai ya isa ya huda mani kumatu biyu. Ya rubuta ƙwayoyin ƙarin jini da ruwan kurkure baki wai shi kuloheksidin, ya ce in dage da lemo da abarba don bitamin C na taimaka wa jiki ya ɗauki ayon.

Na biya kasuwa na ciko leda da lemo. Ɓarin farko da na matsa a baki wallahi sai da na miƙe tsaye na zagaya tsakar gida sau biyu, hawaye na zuba, uwargida na tambaya wa ya rasu. Amma likita ne ya faɗa, haka na yi ta sha safe da yamma kamar mai biyan kaffara.

Kwana goma shiru, alhali an ce irinsa sati ɗaya zuwa biyu yake warkewa da kansa. Wani abokin aiki ya ce ai baki na likitan haƙori ne. Na tafi, uwargida ta raka ni. Likitar mace ce, tana leƙawa ta ce, "Malam mi ka shafa haka?" Ashe jibin da na ƙara dangwalawa a ɓoye da dare ya rine wurin duka, ba ta ganin komai sosai, ga shi na kasa wangale bakin. Da na lissafa mata abin da nake sha sai ta aje madubinta. Wa ya ce ka sha lemo? Tsami fama miki yake. A bar lemo, a bar abarba, a bar kunun tsamiya da yaji da shayi mai ƙuna. Ruwan kurkurewar ma kar in daɗe a kansa, yana rina haƙora su yi ruwan ƙasa, balle ga mai shan shayi irina. In koma ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri, in sayi buroshi mai laushi. Na ce amma fa likita ya ce... ta ce shi jini ya duba, ita baki take dubawa. Sai ta tambaya ko na tauna wani abu mai tauri kwanan nan, na saci kallon uwargida, na ce a'a sam.

Na koma wa likita da labari, ya yi murmushi ya ce ita ai haƙori ta karanta, in ci gaba da abin da ya ce.

To ni wa zan bi? Duk biyun sun fi ni karatu, duk biyun na biya kuɗin kati. Sai na yi abin da na ga masu mata biyu na yi, na raba kwana. Litinin da Laraba na likita, lemo da kuloheksidin. Talata da Alhamis na likitar haƙori, ruwan gishiri da abinci lami. Juma'a ta Hajiya ce da bagaruwarta, don ita ba a tsallake ta a zauna lafiya. Har ta kai uwargida in za ta ɗora tukunya sai ta leƙo ta ce, "Malam yau girkin wa ake, in sa attaruhu ko in bari?"

Ana haka sati uku ya cika. Likitar haƙori dama ta ja mani kunne cewa duk mikin bakin da ya wuce sati uku bai warke ba a dawo a bincika, ba a wasa da shi. Ni kuma shegen bincike ya sa na shiga intanet ƙarfe biyun dare, layi na uku na ci karo da kalmar kansa, wato ciwon daji, kafin asuba na rubuta duk basukan da ake bina, har na mai shayi.

Wannan karon ni kaɗai na je, ba jibi. Ta sa ɗan madubi ta zagaya, ta ce ga ɓarawon. Haƙorin taunata na can ciki ne ya ɓalle ta gefe ya yi kaifi, kullum ina magana ko tauna yana yankar wuri ɗaya. Ta sake tambayar nan, na waiga na ga ba kowa, na ce gaskiya akwai wata tsakuwa a garau-garau, ranar har maƙwabta sun ji ƙarar. Ko minti biyar ba ta yi ba ta goge kaifin da injin nan mai kukan sauro, ta ce ƙwayoyin ƙarin jinin kuwa in shanye su, likita bai yi kuskure a nan ba. Bayan kwana biyar na ci tsire da yaji har da neman ƙari.

Yanzu likita na cewa bitamin ɗinsa ne, Hajiya na ba 'yan unguwa labarin bagaruwa. Uwargida kuwa da na yi ƙarfin halin kawo zancen tsakuwa cewa ta yi ita tunda take ba ta taɓa dafa wake da tsakuwa ba, halan a wani gidan na ci, kuma tana jiran in faɗa mata wane gida ne.