Na biya kuɗin faifai, aka haɗa mini da wulaƙanci

A makon jiya na kai bidiyon walimar saukar Alƙur'anin 'yata wani shagon kwamfuta a nan Kano domin a juye mini shi a faifan DVD. Kakar yarinyar, wato mahaifiyata, tana ƙauye, ciwon ƙafa ya hana ta halartar taron, kuma abin kallon da ke ɗakinta shi ne tsohuwar talabijin mai ƙeya da injin DVD da aka saya mata tun shekarun baya. Ba ta riƙe babbar waya, idonta ma ba ya iya bin ƙananan hotunan da ke cikinta. Abin da ta saba da shi shi ne ta danna maɓalli, faranti ya fito, ta ɗora faifai, ta koma kan tabarma. Mai ɗaukar bidiyon ya ba ni aikinsa a filasha, ya ce su yanzu sun daina faifai, kuma ya yi ta jaddada mini cewa hoton HD ne, garau, babu irinsa. Na karɓa na gode, na nufi waɗanda suka rubuta a allon ƙofar shagonsu cewa suna juye kowane irin bidiyo.

Yaron shagon ya karɓi kuɗi, cikin 'yan mintuna ya miƙo mini faifai da rubutun maka a bayansa. Na ba direban motar garinmu ya kai. Hajiya ta aika aka kira maƙwabta da jikoki, aka sayo mai aka tayar da janareta, aka ɗora faifan, injin ya yi ta juyi yana gurnani, daga ƙarshe ya rubuta da Turanci cewa bai gane abin da aka saka masa ba. Aka goge faifan da gefen zani, aka hura masa iska, aka sake sakawa, amsar dai ita ce. Man ya ƙone a banza, mata suka watse, tsohuwa ta bugo waya tana ba ni haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi.

Da faifan ya dawo hannuna sai na koma shagon. Na yi sallama, yaron bai ɗago ba, yana kishingiɗe a kujera, abin sauraro a kunne ɗaya, yatsa yana ta shafa waya. Na ce, "Samari, faifan nan da ka yi mini ya ƙi tashi." Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, ya jefa faifan a kwamfutarsa, ya danna, bidiyo ya taso. Sai a lokacin ya cire abin kunnen, ya juyo da allon wajena a hankali, irin juyawar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu, ya ce, "To Alhaji, wannan kuma mene ne? Ba ga shi yana yi ba?"

Na ce, "A kwamfuta yana yi. Ai tun ranar na gaya maka a injin DVD za a kalla."

Ya ce, "To injin naku ne ya mutu."

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, a daren ma an saka faifan wa'azi ya yi."

Ya dubi abokinsa da ke gefe yana cin gyaɗa, suka haɗa ido, ya yi wani ɗan murmushi, sannan ya ce, "Baba, tsakani da Allah, wa yake kallon DVD yanzu? Ka saya wa tsohuwa filasma mana, ka huta." Abokin ya tuntsire da dariya har gyaɗar tana zuba. Cikin minti ɗaya na sauko daga Alhaji zuwa Baba, kuma na san abin da wannan Baban yake nufi.

Na haɗiye fushina na tambaye shi ko ya mayar da bidiyon tsarin DVD ne, ko kuwa kwafar fayil ɗin kawai ya yi ya zuba a faifai. Ya ce, "Duk ɗaya ne ai, bidiyo bidiyo ne." Madalla da wannan fatawa. Kamfanonin Japan da Turai da Amurka da suka zauna suka tsara ƙa'idar DVD kafin ta fito kasuwa a 1996 ashe ɓata lokacinsu suka yi, da sun zo Kano sun tambayi wannan shehin malami da ya sauƙaƙa musu. Da na nemi ya sake aikin ko ya ba ni kuɗina, sai ya nuna mini wata takarda da aka manna a bango, ya ce ba a mayar da kuɗi, idan ina so a sake to kuɗin faifai daban, kuɗin aiki daban, kuma tunda babu wuta sai na ƙara na mai. Ya mayar da abin kunnensa. An gama da ni ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin nan ba sihiri ba ne, yana da ƙa'ida sananniya, kuma duk wanda ya kafa allo yana karɓar kuɗin mutane a kansa ya kamata ya san ta. Injin DVD ba kwamfuta ba ne. Idan aka saka masa faifai, babban fayil mai suna VIDEO_TS yake nema, wanda a cikinsa akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto da sauti, da na IFO masu gaya masa inda zai fara da inda zai tsaya. Hoton kuma dole ya kasance a tsarin MPEG-2, a girman 720 da 576 da hoto 25 a kowace daƙiƙa idan tsarin PAL ne irin na Nijeriya, ko 720 da 480 idan NTSC ne irin na Amurka. Abin da kyamarori da wayoyin yanzu suke fitarwa kuwa fayil ne na MP4 da aka matse da H.264 ko H.265, a girman 1920 da 1080. Ka kwafi wannan ka zuba a faifai ka miƙa wa injin DVD, daidai yake da ka miƙa wa wanda ajami kaɗai ya iya wasiƙar boko: takarda ta isa hannunsa, saƙo bai isa ba. Dole sai an warware bidiyon an sake matse shi daga farko har ƙarshe, a rage girmansa, a mayar da sautin zuwa AC-3 ko wani da injin ya sani, a gina VIDEO_TS, sannan a ƙona faifan, wato a rubuta bidiyon a kansa, a rufe shi yadda injin DVD zai iya karanta shi. Wannan yana cin lokaci, a tsohuwar kwamfuta yana iya cin awanni, shi ya sa faifan da aka miƙo maka cikin mintuna goma abin tuhuma ne. Manhajojin da ke yin aikin kuma ba ɓoyayyu ba ne, akwai DVDStyler da DVD Flick, duk kyauta suke.

Mai gaskiya a wannan sana'a zai kuma gaya maka tun farko cewa HD ɗin da ka biya mai kyamara kuɗinsa ba zai shiga DVD ba. Hoton 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, na DVD yana da 414,720, wato kashi ɗaya cikin biyar cif. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, abin da ya kai kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Idan aka cusa masa awa huɗu, fuskokin mutane za su riƙa farfashewa gida-gida duk lokacin da aka yi motsi, sai dai a raba shi faifai biyu ko a nemi mai shimfiɗa biyu na gigabait 8.5. Wanda ya nace sai ya ga HD a faifai, Blu-ray zai nema da injinsa, mai ɗaukar gigabait 25, kuma wannan bai taɓa zama kayan gidan talaka a ƙasar nan ba. Duk wannan bayanin minti biyu ne a bakin wanda ya sani. Ni ban nemi HD ga talabijin mai ƙeya ba, so nake kaka ta ga jikarta riƙe da allo, ta ji muryarta.

Ba yau aka fara yi mana haka ba. Bidiyon bikin ƙanena an juye shi, amma wanda ya yi aikin bai san bambancin allo mai faɗi na 16:9 da na tsohuwar talabijin na 4:3 ba, sai ga ango da amarya sun miƙe zangar-zangar, kawunansu sun yi tsini, har yau yara suna dariya idan an saka. Na sunan ɗan 'yar'uwata kuwa da waya aka ɗauka, kuma wayoyi sukan canza yawan hoton da suke ɗauka a daƙiƙa gwargwadon haske, idan ba a daidaita shi kafin juyewa ba sai sauti ya tsere wa hoto. Liman ya shafa fatiha a kunne tun bakinsa yana tsakiyar addu'a a ido. Wani faifan an ƙona shi ba a rufe ba, kwamfutar shagon kaɗai ke karanta shi. Wani kuma an ƙona shi da gudu mafi sauri a kan faifan bogi mara suna, ya yi aiki shekara ɗaya ko biyu, daga nan ya fara tsayawa a tsakiya, yanzu ko farko ba ya kaiwa. Kafin su akwai zamanin VCD mai hoto 352 da 288, da ake raba biki guda a faifai uku, kafin shi kuma kaset ɗin bidiyo da danshi ya cinye a cikin akwati. Kowane gida a garin nan yana da ledar da aka tara irin waɗannan, da fuskokin mamata a ciki waɗanda ba za a sake gani ba.

'Yan kasuwar da ke shigo da injunan su ma sun yi nasu. A jikin kwali an buga 1080 da manyan lambobi, an zana ramin filasha, an rubuta MP4, mai saye ya ɗauka duk abin da ke wayarsa zai tashi. Alhali 1080 ɗin nan miƙar da hoton DVD ne kawai ta igiyar HDMI domin ya cika allo, ba ya nufin injin zai karanta fayil ɗin HD. MP4 ɗin kuma a yawancin masu arha tsohon tsarin DivX da Xvid ake nufi, mai girman da bai wuce na DVD ba. Ramin filashar ma galibi tsarin FAT32 yake ganewa, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4. Babu mai gaya maka wannan a kanti. Sai ka kai gida ka tara iyali.

Su wa ya kamata su hana a rubuta wa mutane abin da zai ruɗe su a jikin kwali? Su wa ya kamata su tare faifan bogi a tashar jiragen ruwa? Akwai hukumomi, da shugabanni, da motoci masu baƙin gilashi, da kasafin kuɗi duk shekara, amma ƙasar ta zama juji, duk abin da wata ƙasa ta gama da shi nan ake sauke shi. Gwamnatoci suna ta bikin yaye matasa a kan koyon sana'ar kwamfuta, a raba takardar shaida a ɗauki hoto, sannan yaron ya fito bai san bambancin kwafa da juyewa ba, bai kuma san yadda ake yi wa sa'an ubansa magana ba. Na biyun ma ba laifin gwamnati kaɗai ba ne. Mun zama al'ummar da ke auna darajar mutum da sabuntar na'urar da ke hannunsa, wanda ya riƙe tsohon abu mai aiki ya zama abin dariya, ko da kuwa da guminsa ya saya.

Masu cewa a bar faifai a koma intanet su fara gaya mana da wace wuta da wace data. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma da wannan man ake tayar da janaretan da zai kunna talabijin a ƙauye. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin masu amfani da lantarki da ake kira Band A naira 225 a kowane ma'auni bisa alƙawarin awa 20 a rana, sauran jama'a kuwa ko alƙawarin kirki ba su samu ba. A Oktoban shekarar ne yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Bidiyon gigabait 4 a irin sabis ɗin ƙauye sai a kwana ana sauke shi bai gama ba, idan kuma aka tura ta WhatsApp sai ya matse shi har ba a gane fuskar mai karatu. A cikin wannan halin ne ake gaya wa mutum ya sayi filasma.

Ita kanta gwamnatin da ke kiran mutane su rungumi zamani ba ta iya nata sauyin ba. An ɗauki alƙawarin mayar da tashoshin talabijin na ƙasar nan tsarin dijital a 2012, aka ɗage zuwa Yunin 2015, aka sake ɗagewa zuwa 2017, aka yi bikin gwaji a Jos a 2016 da jawabai da yanka kintinkiri. Wa'adi uku suka wuce ba a kammala ba, kuma ban ji an kira wani jami'i Baba an yi masa dariya a gaban jama'a saboda hakan ba, ban kuma ji an mayar wa kowa kuɗinsa ba.