Wai sai an ɗora tsani a kan duro?

Jiya na wuce wani layi na ga yaro yana fentin fasiya bod, wato katakon bakin kwano, na wani gida, tsanin bai kai ba sai suka ɗora shi kan duro, wani ƙaninsa ya rungume duron kamar zai hana shi gudu. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Ni fa ba na adawa da dabara, nima da kaina nake fentin firem ɗin taga da katakon bakin kwano na gidanmu duk bayan damina, kuma rabin kayan aikina a bola na tsinto. Jarkar lita 4 na yanke gefe na bar mariƙin, na lanƙwasa guntun rodi ya zama ƙugiya, sai in rataye ta a matakala, kun ga hannu ɗaya na buroshi ɗaya na riƙe tsani. Robar tayar mashin na ɗaure a bakin jarkar nake share buroshi a kai, fenti ya koma ciki maimakon ya ɗigo wa mutum a hula. Kan tsanin kuma tsohuwar safa nake saka masa don kar ya kankare bangon da aka sha wahala. Kwalin indomi shi nake karawa a gefe, layi ya fito tsaf ba sai na sayi tef ba.

Duk waɗannan hannu suke sauƙaƙa maka. Amma dabarar ƙara tsawo, bulo ne ko duro ko haɗa tsani biyu da igiya, wannan ganganci ne kawai, ka je ka yi hayar dogo mana, nawa ne? Kuma jingina tsani ma da lissafinsa, in tsayin ya kai ƙafa 12 to gindin ya ja baya ƙafa 3 daga bango, wato 4 da 1. Ka matso da shi sosai ya kifa da kai baya, ka nisanta shi ya zame. Ni buhun yashi nake dannewa a gindi.

Abin da ya fi kayar da mutane ma ƙyuya ce, saura taki ɗaya ka gama sai ka miƙe ka karkace maimakon ka sauko ka matsar. Cibiyarka in ta fita daga tsakanin sandunan nan biyu to ka sauko malam. In tsanin ƙarfe ne kuma ka ɗaga kai ka duba wayar NEPA tukuna, kar ka ce ai an ɗauke wuta, ba sa sallama in za su dawo.

Af, fenti mai mai kar ku shafa ranar da hazo ya sauko, yana daɗewa bai bushe ba, ƙura ta manne ya koma kamar samfefa. Bara haka na yi ana saura kwana uku Sallah, sai da na sake gogewa.