Masu cewa Baturen Ingila ya fi kirki, ku je ku tambayi 'yan NEPU

Tun da sojojin Faransa na ƙarshe suka tattara komatsansu suka bar Nijar a Disamban 2023, wata magana ta samu gindin zama a Maraɗi, kuma ta kai ni maƙura. Na ji ta a fada wajen shan shayi, na ji ta a cikin motar Jibiya, ranar Juma'ar da ta wuce kuma na ji ta daga bakin malamin lakwal, mutumin da ke tsayawa gaban yara kullum safiya. Wai rashin sa'a muka yi da Faransa ta mulke mu. Wai da Ingila ce ta samu Maraɗi da ba haka muke ba, don Baturen Ingila mai mutunci ne: ya bar wa mutane sarakunansu da alƙalansu da harshensu, da lokaci ya yi kuma ya miƙa mulki cikin ruwan sanyi ya kama hanyar gida.

Na ce masa, Malam, wa ya gaya maka cikin ruwan sanyi aka yi? Ya ce ai kowa ya sani. Wannan "kowa ya sani" ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba wanke Faransa na zo yi ba, kuma ba ɗan Maraɗi ne zai wanke ta ba. Kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa, na nan Maijirgi bisa hanyar Damagaram, Birnin Ƙonni ba ta manta abin da ayarinsu ya yi mata a 1899 ba, kakanninmu kuma sun san lanho da aikin dole da kumandan. Amma muguntar wanda ya dake ka ba ta zama shaidar kirkin wanda ya daki ɗan'uwanka. Mu daga nan hangen Kano muke yi, muna ganin littattafan Hausa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya tun 1939, sai mu ɗauka duk abin daɗi ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Lokacin da nake yaro akwai wani tsohon tela a unguwarmu, mutumin ƙasar Katsina ne, ya tsallako tun kafin a haife ni. Ni ke hura masa gawayin dutsen guga in an tashi lakwal. Da bazara in zafi ya yi zafi yakan tuɓe riga ya ci gaba da taka kekensa, a nan na fara ganin bayansa: layi-layi ne fari-fari, wasu sun haye bisa wasu, tun daga kafaɗa har ƙugu. Na daɗe ina kallo kafin na iya tambaya. Na ce, Baba, mene ne wannan? Ya ce, ɗana, lacca na je. Laccar NEPU, jam'iyyar talakawan Arewacin Najeriya, ya je saurare a garinsu, da hakimi ya zo wucewa kuma bai cire takalmi ya durƙusa ba. Aka kai shi gaban alƙali, aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka tura shi gidan yarin En'e, wato hukumar mulkin sarki. Da ya fito ya tarar ba mai kawo masa ɗinki, don duk wanda aka gani a shagonsa ya shiga uku. Ya ɗora kan keken a jaki ya yo arewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin zancensa shi ne, tun daga kamu har saki bai ga Bature ko ɗaya ba.

To nan ne duk dabarar take, kuma nan ne masu yabon Ingila suke ruɗewa. Faransa takan sa kumandanta a gaba kowa ya gan shi ya tsane shi. Ingila ta koma bayan labule. Razdan da Di'o, Turawan da ke kula da lardi da gunduma, su ke tsara haraji da jangali, su ke duba littafin baitulmali, su ke da ikon tuɓe sarkin da ya ƙi bin layi, amma dogari da ɗan doka su ke riƙe da bulala, alƙali ke yanke hukunci a kotun da ba a yarda lauya ya shiga ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Talaka ya ƙullaci ɗan'uwansa baƙi, Bature ya tafi da farar riga ba ɗigon jini. Shekaru sittin da wani abu bayan haka ga mu muna yaba farin rigar.

Waɗanda suka rayu cikin abin ba su ruɗe ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya shigo, daga baya ya zama shugabanta, Malam Sa'adu Zungur kuma shi ya yi musu jagora ta fuskar tunani. Sanarwar da suka fitar a shekarar, wadda ake kira ta Sawaba, ba ta yi kwana-kwana ba: ta ce fafatawa ce tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kuma Turawa ne suka ɗaure wa tsarin gindi. Mabiyansu teloli ne da mahauta da 'yan koli da direbobi da malaman allo, mutanen da ba su gaji komai ba sai sana'arsu.

Me Baturen mai mutunci ya yi musu? A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta, kashi 10 cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya NEPU ba ta samu ba. Lacca sai da izinin En'e, En'e kuwa ta NPC ce, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya. Aka sako musu 'yan bangar da ake kira 'Yan Mahaukata a Kano suna bin su da duka a titi. Hajiya Gambo Sawaba, yarinya ce ƙarama lokacin da ta fara tara matan Kano tana yi musu bayanin 'yancinsu. Aka kama ta, aka ɗaure ta, aka kore ta zuwa Zariya, kuma a tsawon gwagwarmayarta sau 16 tana shiga kurkuku. Turawa sun tafi a 1960 suka bar matan Arewa ba su da ƙuri'a, sai a shekarun 1970 suka samu. Duk abin da ya faru kafin 1960 a gaban idon Razdan aka yi, da sa hannunsa.

Wasu za su ce ai wannan laifin sarakuna ne, ba na Ingila ba. Wanda ya ɗaura wa doki linzami ya hau, ba ya cewa doki ne ya zaɓi hanya.

In kuma ana son ganin Baturen Ingila ba labule, sai a duba inda talaka ya taɓa masa aljihu. A 1945 ma'aikatan Najeriya suka tsunduma yajin aikin gama-gari na fiye da kwana arba'in saboda tsadar rayuwar bayan yaƙi, ƙarƙashin Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da fitowa daga tsare ba. Matasan ƙungiyar Zikist da aka kafa a 1946 suka fito fili suna kiran a daina yi wa Bature biyayya. Shugabansu Raji Abdallah, wanda ya yi aikin gidan waya a Kano, ya sha ɗauri bisa laifin tunzura jama'a, a Afrilun 1950 kuma aka haramta ƙungiyar baki ɗaya. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 a mahaƙar kwal ta Iva da ke Inugu, 'yan sanda ƙarƙashin jami'in Bature suka buɗe wuta kan leburori masu neman haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Ba bindiga a hannun leburorin nan. Kafin wannan, lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi dubun-dubatar talakawan Arewa an kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Mu da muke cewa aikin dole na Faransa ne kaɗai, wannan sunansa me?

Can baya ma akwai Satiru, kusa da Sakkwato, inda aka yi wa Ingila bore a 1906. Cikin jagororin boren akwai Ɗan Makaho, malami makaho da ya gudo daga wannan ɓangare namu bayan ya yi wa Faransa tawaye. Ya tsere wa Nasara ɗaya ya faɗa hannun ɗaya. Aka share garin daga doron ƙasa, aka kashe mutum wajen dubu biyu, har yau kufai ne. A Kenya kuwa, zamanin tawayen Mau Mau, Ingila ta rataye mutum fiye da dubu, kuma sai a 2013, bayan tsofaffin da aka azabtar sun kai ta kotu a Landan, ta yarda ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228. A wannan shari'ar ce asirin takardun mulkin mallaka da ta ɓoye shekara da shekaru ya tonu. Wanda ya tafi da hannu mai tsabta ba ya ɓoye takarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan tarihin ba na baƙi ba ne. Namu ne. Kalmar sawaba ɗaya ce a Kano da Maraɗi. Sawaba ta Nijar, jam'iyyar Jibo Bakari, irin mutanen NEPU ta tara: direbobi da 'yan kamasho da teloli da ƙananan 'yan kasuwa, kuma Maraɗi da Tasawa da Damagaram na cikin inda ta fi ƙarfi. Da ya ce a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, Faransa ta turo gwamna Colombani, shi kuma bai ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba: sarakunan da suka mara wa Jibo baya a 1957 ya bi ya juyo da su. Salon Ingila ke nan tsaf. Da aka haramta Sawaba a 1959, 'ya'yanta da dama Kano suka nufa, 'yan NEPU suka ba su masauki. Mutanen nan sun san abin da malamin lakwal ɗinmu bai sani ba, cewa duk kanwar ja ce. Tela na gudowa arewa, ɗan Sawaba na gudu kudu, a hanyar Ɗan Isa suke saɓani.

A Oktoban 2024 an cire sunan de Gaulle daga babban titin nan na Yamai an sa na Jibo Bakari. Na yi murna, har ga Allah. Amma ina jin tsoron a ɗauki sunan a jefar da abin da ke cikinsa. Sawaba, ta can da ta nan, ba ƙin farar fata kaɗai ba ce. Ƙin a ɗaure mutum don ya je lacca ne, ƙin a karɓi guminsa a hana shi tambaya, ko wane ne ke riƙe da bulalar. Wanda ya tsani Faransa da safe, da yamma ya zauna yana kwaɗayin ina ma Ingila ce, bai ƙi bauta ba, ubangida yake zaɓe. Kuma wanda ke zaɓen ubangida yau, gobe in wani sabo ya zo da murmushi da kyauta zai shimfiɗa masa tabarma, ya ce wannan ai ba irin na da ba ne. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don yara muke koya wa haka.

Ga Hausa an ɗaga darajarta a ƙasar nan. To a koyar da tarihin NEPU da na Sawaba tare, da Hausa, a lakwal da gidajen rediyonmu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan cikin gari. Ɗalibanta su ɗauki waya su bi 'yan tsofaffin da suka rage a Maraɗi da Madarunfa da Tasawa su naɗi muryarsu, su tsallaka Katsina da Kano su yi haka nan.

Ni na makara. Tsohon telan ya rasu ina ajin ƙarshe na kwaleji, ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa ba, sunan garinsu ma sai da na tambayi mahaifiyata jiya kafin ya dawo mini. Malamin lakwal ɗin na aika masa cewa Juma'a mai zuwa in an sauko ya jira ni, zan kai shi wajen ɗiyar telan, tana nan da rai, ita ta riƙa shafa wa ubanta man shanu a bayan nan duk lokacin hunturu in tabon ya tsage.