Masu Ciwon Suga a Gida, Ku Sa Ido Kan Murarsu

'Yan uwana matasan Jos, mu da sanyi mun saba. Hunturu na kamawa kowa hanci a toshe, a yi sirace, a sha shayin citta, shi ke nan. To amma in akwai mai ciwon suga a gidanku, Baba ne ko Inna, don Allah kada ku ɗauki murarsu da wasa.

Akwai cutar da likitoci ke kira mukomaikosis, wadda kan iya farawa kamar mura. Funfuna ce ke kawo ta, dangin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Kullum muna shaƙar ƙwayoyinta a ƙura, lafiyayyen jiki yana gamawa da su. Wanda sugansa ya hau ba kulawa kuwa, ko mai karɓar maganin ciwon daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, a hancinsa da kogunan ƙashin fuskarsa take samun wurin zama. Sai ta kutsa jijiyoyin jini ta toshe su, naman wurin ya mutu ya yi baƙi. Cikin 'yan kwanaki tana iya kaiwa ido, daga ido sai ƙwaƙwalwa. A 2021, lokacin korona, ta kama mutum sama da 40,000 a Indiya, akasarinsu masu suga da aka ba magunguna irin su deksametason.

Deksametason ɗin nan fa shi ne wasunmu ke saye a kemis da sunan sha-ka-fashe, wai a yi ƙiba. Yana ɗaga suga, yana karya garkuwar jiki. Ku bari.

Abin lura shi ne ciwo ko kumburi a gefe ɗaya na fuska, kunci ya mutu ba ya jin taɓi, majina da jini-jini, baƙin ɓawo a cikin hanci ko a ganɗa, haƙori ya fara girgiɗi haka kawai, fatar ido ta faɗo, ko mutum ya ce yana ganin abu bibbiyu. Ku haska bakinsa da fitilar waya ku duba sama. In kun ga haka, ranar za ku kai shi babban asibiti mai likitan kunne, hanci da maƙogwaro, irin JUTH da ke Lamingo. Ba a jiran albashi, ba a jiran yaya ya dawo daga Abuja.

Maganin da wuya, gara ku sani. Za a ɗauki hoton kai, a yanki ɗan nama a gwada, a sa allurar amfoterisin B ta jijiya na makonni, ana duba ƙoda saboda tana taɓa ta, ana kuma saukar da suga. Sannan tiyata, wani lokaci fiye da sau ɗaya. A nan iyalai ke tirjewa, a ce a koma gida a gwada na gargajiya. Naman da ya mutu jini ba ya zuwa masa, don haka magani ma ba ya isa wurin, dole sai an cire shi. Ko da magani kusan rabin masu cutar ba sa tashi, kuma jinkirin 'yan kwanaki yana ƙara haɗarin sosai. In likita ya kawo takarda, ku lallaɓi Baba ya sa hannu.