Ba da Faransanci aka hure shi ba

Tun ranar Lahadi nake danne zuciyata, amma abin ya ƙi dannuwa. Waɗanda suka zo sujadar Hausa a nan Marwa ta Kamaru sun gani da idonsu, ba sai na maimaita komai ba. Abin da baƙon mai wa'azin nan ya yi wa Baba rashin ladabi ne, kuma koyarwar da ya ɗora a kai kuskure ce. Ba zan ambaci sunansa ba, ba zan ambaci majami'ar da ta aiko shi ba, amma shiru kam na daina.

Kai baƙon mai wa'azi, ka sa dattijon nan Baba ya miƙe ya karanta 2 Timoti 3:16. Ya miƙe da kyar, ya kwance robar tayar keke da yake ɗaure Littafi Mai Tsarkinsa na Hausa da ita, ya bi layin da ɗan yatsa, ya karanta a hankali cewa kowane Nassi hurarre na Allah ne. Bai gama rufe baki ba ka karɓe littafin da yatsu biyu, ka ɗaga shi sama kowa ya ga bangon takardar buhun siminti da aka yi masa, ka ce ta bakin tafinta wai wannan na taimakon waɗanda ba su je lekol ba ne, ainihin Maganar Allah ga ta nan a hannunka, fassarar Faransanci ta Segond ta 1910. Ina zaune a benci na uku. Na ga Baba ya karɓi littafinsa, ya zauna, ya tura shi ƙarƙashin rigarsa kamar wanda aka kama da kayan sata. Har aka tashi bai sāke fito da shi ba. Mutumin da ya sauko daga duwatsun Gwoza a 2014 ba shi da komai sai wannan littafi da rigar jikinsa, ya yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo yana karanta wa mutane shi a ƙarƙashin tanti, shi ne yau aka sa ya ji kunyarsa a cikin ɗakin sujada.

Ɗan'uwa, ina tambayarka, da wane harshe Bulus ya rubuta wa Timoti wannan ayar? Da Girkanci ya rubuta. Musa da Ishaya da Irmiya da Ibrananci suka yi rubutu, wasu sassan Daniyel da Ezra kuwa da Aramaik. Ba a huri ko aya ɗaya da Faransanci ba. Littafin da ke hannunka fassara ce, littafin da ke hannun Baba fassara ce. Louis Segond mutumin Jeniba ne a ƙasar Suwizalan, malami ne da ya zauna ya yi aikin fassara kamar kowane mai fassara, ya gama a 1880, ya rasu a 1885. Bugun 1910 da kake taƙama da shi, wasu ne suka yi masa gyara bayan mutuwarsa. A wannan shekara ta 1880 ɗin ce kuma aka buga Sabon Alkawari da Hausa, aikin Schön, Bajamushen nan da ya ƙara gogewa da Hausa a bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu. To a gaya mini, da wane ma'auni ɗaya ya zama Maganar Allah, ɗayan ya zama na taimako?

Abin da na gaskata ke nan, kuma a kansa zan mutu: Allah ya hura maganarsa ta wurin mutane, mutanen kuwa ba su zama alƙalami marar rai ba. Bitrus ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya iza su suka yi magana daga wurin Allah. Amma ka buɗe farkon Bisharar Luka ka ga yadda ya ce ya bi diddigin kome tun daga farko, daga abin da shaidun gani da ido suka bayar, sannan ya rubuta wa Tiyofilas bi da bi. Likita ne ya yi bincike, Ruhu kuma yana tare da shi a cikin binciken. Amos makiyayi ne, kana karanta shi kana jin ƙamshin daji. Dawuda ya yi kuka a cikin Zabura, kukan nasa ne, maganar kuma ta Allah ce. Allahn da bai ƙyamaci bakin makiyayi da na masunci ba, shi ne zai ƙyamaci bakin Bahaushe, ko na Bamafe, ko na Bafulatani?

Kuma Littafin da kansa ya riga ya yanke wannan shari'a. A Markus 5:41, Yesu ya kama hannun yarinyar da ta mutu ya ce mata "Talita kumi". Markus bai bar mu a nan ba, nan take ya fassara wa masu karatunsa da Girkanci, ya ce ma'anarsa yarinya, ina ce miki, tashi. Haka ya yi da kukan Yesu a kan gicciye a sura 15. Wato fassara tana cikin hurarren Nassin kansa. Manzanni sau da yawa idan za su kawo ayar Tsohon Alkawari, daga fassarar Girkanci da Yahudawa suka yi tun kafin haihuwar Almasihu suke ɗaukowa, kuma ba su taɓa cewa wannan na taimako ne kawai ba. Ranar Fentikos ma, da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni, ba a tara jama'a aka ce su je su koyi Ibrananci tukuna ba, kowa ya ji da harshen da uwarsa ta goya shi da shi. Wanda ya ce hurarwa tana zubewa a hanya idan aka juya magana zuwa wani harshe, da Markus yake gardama.

Tun Litinin wasu ke kirana suna cewa ai baƙo ne, ai yaro ne, ai ba haka yake nufi ba, ai tafinta ne ya ƙara gishiri. Ina jin Faransanci, na ji abin da ya faɗa kafin tafinta ya buɗe baki. Wani kuma ya ce mini ai gaskiya ce fassarori suna bambanta, Hausar 1932 daban, ta 1979 daban. To sai me? Harshe yana tafiya. Hausar da kakana ya yi ciniki da ita ba ita jikokina ke yi a waya ba. Mai fassara ba annabi ba ne, yana iya zaɓar kalmar da ba ta zauna daidai ba, na bayansa ya zo ya koma ga Girkanci da Ibrananci ya gyara. Haka aka yi wa Segond, haka aka yi wa namu, haka ma na Fulatanci da aka buga a ƙasar nan a 1983 zai sha gyara in da bukata. Ana iya gyarawa ne domin akwai tushen da ake komawa a auna. Da babu tushe, da wa zai san an kauce?

Tushen nan kuwa ba a ɓoye yake ba. A 1947 makiyaya suka ci karo da tuluna a kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikin abin da aka samu akwai naɗaɗɗen littafin Ishaya a kan fata, tsawonsa ya haura mita 7, an rubuta shi fiye da shekara 100 kafin a haifi Yesu. Kafin wannan, cikakkun kwafin Ibrananci mafi tsufa da ake dogara da su na wajen shekara ta 1000 ne bayan haihuwarsa. Tazarar shekara dubu ke nan ta kwafa da hannu. Da aka jera su, an sami bambancin rubutun kalmomi da ƙananan abubuwa nan da can, amma Ishaya dai Ishaya ne, sura 53 tana nan da Bawan da aka soke saboda laifofinmu. Littafin yana Urushalima har yau. Na Sabon Alkawari, kwafin hannu na Girkanci sun haura 5,000. Akwai guntun Bisharar Yahaya sura 18 a Mancesta ta Ingila, bai kai tafin hannu ba, masana suna sa shi a wajen ƙarni na 2. Akwai babban kundin Sina'i na ƙarni na 4, yawancinsa a Landan, an ɗora hotunansa a intanet, duk mai waya yana iya dubawa. Inda tsofaffin kwafin suka saɓa ma, kamar ƙarshen Markus 16 daga aya 9, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 8, masu buga Littafin da yawa suna rubuta hakan a fili a ƙasan shafi. Wannan shi ke ƙara mini amincewa. Mai ha'inci ba ya nuna maka inda ɗinkin yake.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, tare muke shan shayi, tare muke zuwa jana'iza da suna. Wani lokaci a cikin hira sukan tambaye mu, cikin mutunci, me ya sa littafinmu ya yi kala-kala. Tambaya ce mai kyau, tana da amsa, kuma na sha ba da ita a bakin shagona ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Yanzu yaranmu da suka zauna a sujadar nan ranar Lahadi sun ji daga kan bagade cewa littafin da iyayensu ke karantawa ba na ainihi ba ne. Gobe in aka yi musu wannan tambayar, me za su ce? Shakkar da ba a iya shuka musu daga waje ba, mu da kanmu muka shuka musu ita, muna tafi.

Dattawan ikilisiya, ku yi mini haƙuri, amma ku ma kuna da laifi. Kuna zaune a gaba, babu wanda ya yi ko gyaran murya. Mutanen Biriya Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka suka riƙa bin Nassi kowace rana su ga ko haka ne, aka kuma yabe su a kan hakan. Mu kuwa muddin mutum ya zo daga kudu da kwat da Faransanci mai santsi, sai mu miƙa masa bagade da kunnuwan 'ya'yanmu. Ina roƙo a tashi ranar Lahadi mai zuwa a gyara maganar nan a gaban jama'a, a inda aka ɓata ta, a kuma ba Baba karatun ranar.

Jiya da yamma na je gidansa. Na same shi a kan tabarma a gindin dalbejiya, littafin a cinyarsa, robar a wuyan hannunsa. Ban tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Abin da ya dame shi daban ne: idonsa. Ya ce bayan la'asar haruffan sai su riƙa haɗewa, Zabura ce kawai yake iya bi domin ya haddace yawancinta. Tabaran da yake sawa na wani mamaci ne aka ba shi, ƙafa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Na zaga inda na sani a garin nan ban sami na Hausa mai manyan haruffa ba, na Faransanci da na Fulatanci ne a kan kanta. Don Allah duk wanda ke da hanyar Mubi ko Yola, ko wanda ɗan'uwansa zai taso daga Jos, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ni zan biya kuɗin littafin da na mota. In kuma akwai wanda ya san ranar da masu duba ido ke zama a arha, ya sanar da ni, zan ɗauke shi a babur in kai shi.