Kwatar layinmu tana da mai ita, ya fito ya gyara

Daren Larabar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin in lalubo tocila ya riga ya haura dokin ƙofa ya cika zaure. Kuma ba ruwan sama zalla ba ne, baƙin dagwalon kwata ne, ɗauke da ledoji da tsummokara da abin da baki ba zai iya faɗa ba. Ni da maiɗakina muka kwana kwalfa, ita da roba ni da bokiti, yara uku suna tsaye a kan gado suna kuka. Gab da kiran assalatu muka ji rugum! Katangar maƙwabciyarmu ce ta zube, tsohuwa mai riƙon jikokinta marayu a gidan ginin ƙasa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma madafinta ya tafi, da buhun masarar da take ta tattali tun kaka.

Damina ta uku ke nan muna cikin wannan ukuba, kuma kada wanda ya ce mini laifin ruwan sama ne. A layin nan na Kano aka haife ni. An yi ruwan da ya fi wannan muna yara, bai taɓa shigo mana ɗaki ba.

Shekara uku da suka wuce aka yi aikin titin da ya ratsa bakin unguwarmu, aka gina masa lambatu mai faɗi gefe da gefe. Har addu'a muka yi wa masu aikin. Sai aka tsayar da lambatun daidai bakin layinmu, alhali abin da ya rage ya haɗe da babbar magudanar da ke gangarawa Jakara bai wuce tafiyar minti uku a ƙafa ba. Aka bar bakinsa a buɗe yana amayarwa cikin tsohuwar kwatarmu, wadda iyayenmu suka gina da aikin gayya, faɗinta bai fi kamu ɗaya ba. Duk ruwan unguwannin da ke tudu aka tattaro aka juye mana. Bara kuma wata tifa ɗauke da yashi ta taka kwalbatin bakin layin ya rufta, rodi ya fito tsirara, ya zama tarkon leda. Tun daga ranar ruwa ba shi da hanya sai gidajenmu.

Mun bi duk ƙofar da aka ce mu bi. Kansila ya zo ya duba, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya ce zai kai gaba. Muka rubuta takarda, Baba Mai Unguwa ya sa hannu, muka kai sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Zuwa huɗu muka yi kafin mu ga jami'in sashen ayyuka. Baba Mai Unguwa, dattijo mai furfura, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na cin gidajen talakawanku." Ko takardar bai gama karantawa ba ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, titin nan aikin jiha ne, lambatun ma nasu ne." Muka shiga Adaidaita Sahu zuwa wani ofishi na jiha. Can kuma aka ce aikinsu ya ƙare a inda kwalta ta ƙare, abin da ya shiga lungu na ƙaramar hukuma ne. Da muka dawo sakatariya sai aka fito da sabuwar magana: wai unguwarmu awon igiya ce, ba ta cikin taswira.

Awon igiya! Ranar karɓar kuɗin shago ba a tuna awon igiya ce ba. Duk shekara masu rasit suna bin layin nan shago-shago, daga mai injin markaɗe har ni da ke zaune da keken ɗinki. Ranar zaɓe akwatuna biyu ake girkewa a ƙofar makarantar Islamiyyarmu. Sai ranar da kwalbati ya rufta ne muka ɓace daga taswira?

Da muka gaji muka ce to mu yi da kanmu. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka sayi siminti da rodi, matasa suka fito da shebur da diga. Ba a yi awa biyu ba wani jami'i ya iso a kan babur, ya ce ba mu da izinin fasa gefen titi, duk wanda ya ƙara sara ƙasa zai kwana a caji ofis. Ku ba ku gyara ba, mu kun hana mu gyarawa. Simintin nan yana zauren Mai Unguwa har yau, rabinsa ya sha danshi ya daskare. Kuɗin marasa ƙarfi ne, har da na tsohuwar da katangarta ta faɗi.

Ba a kan jahilci nake wannan magana ba. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai ginawa da kula da hanyoyi da layuka da fitilun titi da magudanan ruwa, akwai kuma samar da banɗakunan jama'a da kawar da ƙazantar ruwa da shara. Ba a ce ban da unguwar awon igiya ba. In jiha ce ta tsayar da lambatu a inda bai kamata ba, ciyaman ne ya dace ya ɗauki takarda ya je ya yi magana da yawunmu, don shi ne hukumar da ta fi kusa da mu. Ba dattijo ɗan shekara saba'in za a bari yana yawon ofisoshi da kuɗin motarsa ba.

Uzurin da muka daɗe muna ji shi ne babu kuɗi, wai asusun haɗin gwiwa da jiha ya riƙe komai. To, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa a Abuja duk wata ya ƙaru, mu ne muke biyan farashinsa a gidan mai da kasuwa. In kuɗin yana isowa, a nuna mana inda yake shiga. In ba ya isowa, ciyaman ya fito ya faɗa da bakinsa mu san wanda za mu tuhuma. Shirun nan ne ke cin mu.

Na san za a ce mu ma muna zuba shara a kwata. Gaskiya ne, akwai masu yi, kuma muna faɗa da su. Amma duk Asabar ɗin ƙarshen wata matasanmu suna yashe kwatar nan, su tara dagwalo a gefe, motar da za ta kwashe ba ta zuwa, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. Sannan ba mu muka cike kududdufan da a da suke shanye ruwan birnin nan aka yanka filaye a kansu ba. Kowa ya ga abin da ya sami Kantin Kwari a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa. Can da yake kasuwa ce duniya ta ji. Mu namu a lungu yake faruwa duk mako.

Abin da ya fi tayar mini da hankali rijiyoyinmu ne. Idan kwata ta tumbatsa, shadda ma cika take ta haɗe da ita, duka su tsiyaya ƙasa. Ruwan rijiyar gidana ya sauya launi, yana wari, yanzu ko na wanke-wanke sai na saya wurin 'yan garuwa. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Autata sau biyu tana kwanciya da zazzaɓin cizon sauro a daminar nan.

Abin da muke nema a fili yake. A ƙarasa lambatun nan ya isa babbar magudana. A sake gina kwalbatin da ya rufta. A ba mu amsa a rubuce, da hatimi da sa hannu, cewa kwatar layinmu hakkin ofishi kaza ce, don gobe kada a sake mayar da mu ƙwallo. In kuwa ba za a yi ba, a ba mu izini da injiniya ɗaya ya tsaya mana, mu sake yin karo-karo.

Ranar Litinin za mu koma sakatariya, kuma wannan karon ba mu uku ba ne, duk magidantan layin ne, da hotunan katangar da ta faɗi. Tsohuwar da jikokinta suna kwana a ɗakin maiɗakina tun daren Laraba, ga shi watan Agusta ko rabi bai yi ba.